Maƙwabci Kafin Gida: Daga Unguwar Lambu ta Hampstead Zuwa Nasarawa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a Landan

 

Shugaban ƙungiya, ranka ya daɗe. Iyayenmu dattawa maza da mata, Allah ya ƙara girma. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. 'Yan'uwa da suka taso daga Manchesta da sauran garuruwa, sannunku da hanya. Waɗanda kuma za su karanta wannan jawabi a mujalla a Kano, muna gaishe ku da kewa.

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan gida. Sana'ata a ƙasar nan ita ce duba gidaje kafin a saye su, in rubuta wa mai saye abin da na gani. Saboda haka akwai tambayoyi biyu da 'yan ƙungiyar nan suka fi yi mini. Ta farko daga waɗanda Allah ya buɗa wa ce: "Ina son in koma tsohuwar unguwar masu hali a arewacin Landan, me ka gani?" Ta biyu kuwa kusan kowa na yin ta: "An yi mini tallar tsohon gida a Nasarawa Ji'ar'e, in saya in rushe in yanka?" Tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce, kuma ita nake so mu tattauna yau. Zan ɗauki unguwa ɗaya a nan mu duba ta da kyau, sannan mu koma gida.

Unguwar ita ce Hampstead Garden Suburb, wadda zan riƙa kira Unguwar Lambu. Tana cikin ƙaramar hukumar Barnet, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Golders Green. Wata baiwar Allah ce ta kafa ta a 1907, sunanta Henrietta Barnett, matar wani limamin coci. Ita da mijinta sun yi shekaru suna aiki cikin talakawan Whitechapel a gabashin Landan, inda iyali guda ke cunkushe a ɗaki ɗaya, ba iska ba haske. Da ta ji za a kawo jirgin ƙarƙashin ƙasa Golders Green, ta san abin da zai biyo baya: 'yan kwangila za su cika gonakin wurin da gidaje jere kamar akwatin ashana. Sai ta riga su. Ta tara jama'a aka sayi eka 80 aka haɗa da dajin shaƙatawa na Hampstead Heath don kada a taɓa gini a kai. Sannan aka sayi eka 243 daga hannun makarantar Eton domin a gina unguwa.

Masu zanen gari biyu, Raymond Unwin da Barry Parker, su suka shata unguwar, Edwin Lutyens kuma ya zana dandalin tsakiya da coci biyun da ke wurin. Sai da majalisar dokoki ta yi wa aikin doka ta musamman a 1906, domin ƙa'idojin gini na lokacin ba su yarda da irin tsarin da ake so ba. Ku saurari sharuɗɗan da aka gindaya tun ranar farko. Idan an yi jimla, kada gidaje su wuce takwas a kowace eka. Tsakanin fuskar gida da fuskar na tsallaken titi a bar aƙalla ƙafa 50. Ba katanga tsakanin maƙwabta, sai shingen tsirrai da ake aske wa kai. A dasa itatuwa a bakin tituna. Ƙananan dazuzzuka biyu da aka tarar a wurin a bar su, kowa ya shiga kyauta. Har ƙararrawar coci aka hana kaɗawa don kada a dami masu hutawa.

Yau unguwar ta haura eka 800, da gidaje wajen 5,000. Wanda ya je ya zaga zai ga sharuɗɗan nan suna nan da ransu bayan fiye da shekara ɗari. Tambayar ita ce, yaya aka yi suka rayu?

Da farko, waɗanda suka shiga gidajen mallakar wa'adi suka samu. Gini nasu ne na tsawon shekaru masu yawa, amma ƙasar tana hannun hukumar amintattun unguwar, kuma ita ke tsawatawa. A 1967 sai aka yi dokar da ta ba irin waɗannan masu gida damar sayen ƙasar, su zama masu mallakar dindindin. Mutanen unguwar suka ga haɗarin: in kowa ya zama sarkin filinsa, shi ke nan, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1968 aka kafa sabuwar hukumar amintattu, a 1974 kuma Babbar Kotu ta amince da wani tsarin kula da unguwa da ya ɗaure kowa, har da wanda ya sayi ƙasarsa. Kowane mai gida yana biyan kuɗin shekara don tafiyar da hukumar da za ta iya hana shi abin da yake so.

Ga ma'anar wannan ga mai saye. Ka biya miliyoyin fam, an ba ka makulli, amma ba ka da ikon canza tagar gaba sai da izini. Ba za ka cire shinge ka ja katanga ba. Ba za ka shafe lambun ƙofar gida da siminti don ajiye mota ta uku ba. Ƙara ɗaki, haƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sare itace ko rage masa rassa, duk sai ka rubuta ka jira. Kuma izinin kashi biyu ne, na amintattu daban, na ƙaramar hukuma daban, samun ɗaya bai wadatar ba. Idan gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi da gwamnati ta kare, taɓa shi ba izini laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Wanda ya yi gaban kansa, ana iya kai shi kotu a sa ya mayar da abin yadda yake da kuɗinsa.

Iyayena mata, na san abin da ke ranku: gida ba katanga, ina sutura? Ina za a yi taron suna? Ina za a ƙara ɗakin baƙi idan 'yan'uwa sun zo daga Kano? Tambayoyi ne na gaskiya, kuma a yi su kafin a sa hannu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

To me ya sa mutane ke rububin gidan da ba su da cikakken iko a kansa? Saboda dokar da ta ɗaure ka ita ce ta ɗaure maƙwabcinka. Tubalin gidajen nan tsoho ne, da yawansu suna da sanyi, gyaran rufinsu da tagoginsu yana cin kuɗi. Abin da ke ɗaga farashinsu shi ne tabbacin cewa gobe ba za ka farka ka ga an rushe gidan da ke jikin naka an tayar da bene mai hawa biyar yana leƙen tsakar gidanka ba. Rabin abin da ka saya yana cikin filin wasu: itacensu, shingensu, shirunsu. Kai ma rabin abin da suka saya yana cikin naka.

Akwai abin da ya kamata a faɗa don adalci. Henrietta Barnett ta so unguwar ta zama ta kowa da kowa. An gina ƙananan gidaje don masu sana'ar hannu a wajen Asmuns Place da Willifield Way, an gina Waterlow Court a 1909 don mata ma'aikata marasa aure, an yi wa tsofaffi nasu wurin. Wannan buri bai ɗore ba. Kyawun wurin ya jawo masu kuɗi, har ƙananan gidajen da aka yi wa kafinta da magini suka fi ƙarfin kafinta da magini. Dokar da ta kare itatuwa ba ta iya kare talaka ba. Mu riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa.

A gefen unguwar ta gabas akwai titin da ake kira The Bishops Avenue, wanda jaridu ke wa laƙabi da layin attajirai. A can an rushe tsofaffin gidaje da yawa an tayar da fadoji, masu su kuwa galibi suna wasu ƙasashe. A 2014 jaridar Guardian ta Ingila ta yi bincike ta gano kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen titin ba kowa a ciki, darajar waɗanda aka yi watsi da su ta kai kimanin fam miliyan 350. Wasu rufinsu ya zube, ciyawa ta tsiro a kan matakala, tsuntsaye sun mayar da ɗakunan nasu. Tafiyar 'yan mintuna ce tsakanin wuraren biyu. A ɗaya mutane suna zaune suna tsaron juna. A ɗayan an mayar da gida asusun ajiya, kuma asusu ba ya gaida maƙwabci.

Yanzu ga lissafi, don kada a ce ban faɗa ba. Mu ɗauki misalin gidan fam miliyan 3. A ƙa'idar da ake kai a Ingila tun Afrilun 2025, harajin kan sarki na wannan ciniki fam 273,750 ne. Idan mai saye yana da wani gida, kuma wannan ba madadin gidan zamansa ba ne, za a ƙara masa kashi 5 cikin ɗari na dukkan kuɗin, wato fam 150,000. A lura da kyau: gidan da ake nufi ko a ina yake a duniya, muddin darajarsa ta kai fam 40,000. Gidanka na Kano yana cikin lissafi. Idan kuma mai saye ba mazaunin Birtaniya ba ne, akwai ƙarin kashi 2, fam 60,000. An tashi fam 483,750 ke nan kafin a sayi ko labule. Kuma tun 2022, kamfanin ƙasar waje da ya mallaki gida a nan dole ya bayyana sunan ainihin mai shi. Lauya ma ba zai karɓi kuɗinka ba sai ka nuna inda suka fito.

Sai gado. Harajin gado a nan kashi 40 ne cikin ɗari na abin da ya haura fam 325,000. Abin da aka bar wa mata ko miji ba a cire masa a ƙa'ida, amma ranar da gidan fam miliyan 3 zai sauka hannun 'ya'ya, harajin na iya kaiwa wajen fam miliyan 1. Sau da yawa sayar da gidan ne kaɗai mafita. Ƙari a kan haka, tun Afrilun 2025, wanda ya zauna a Birtaniya shekara 10 cikin 20 da suka wuce, dukiyarsa ta ko'ina tana shiga lissafin wannan haraji, har da gidan Nasarawa. Wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar Ingila ce za ta raba abin da ya bari a nan, ba rabon Musulunci ba. Matar da aka ɗaura wa aure a nan a masallaci ko a falo, ba a yi masa rajistar hukuma ba, wannan doka ba ta san ta a matsayin mata ba. Don Allah, kowa ya ga lauya, ya ga malami, ya rubuta.

To mu tafi gida. Nasarawa da Unguwar Lambu kusan sa'o'in juna ne. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, a Nasarawa suka yi mazauni, a wajen ganuwa. A can Hanns Vischer, wanda muka sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909, kuma gidansa na ƙasa yana nan tsaye har yau. Tsarin Lugga shi ne a ware wa Turawa unguwarsu, a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don gudun sauro. Ku ga ikon Allah: unguwar Landan an gina ta don kowa, ta koma ta masu kuɗi, tamu an gina ta don a nesanta mu, ta dawo hannunmu. Ba na kewar zamanin da aka yi ta. Amma abin da aka bar mana dukiya ce: fuloti mai faɗi, gida ɗaya a tsakiya da baranda, baskwata a baya, darbejiya da maɗaci da mangwaro sun rufe titi. Duk wanda ya taɓa fitowa daga cikin birni a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya shiga titin Sultan ko Alu ko Lamido, jikinsa ya gaya masa bambanci kafin idonsa.

Kun san yadda abin ke tafiya yanzu. Mai gida ya rasu ya bar magada ashirin. Ba wanda zai iya biyan sauran. Dillali ya kawo mai saye. Makon farko a sare itatuwa, na biyu a rushe gidan, sannan a yanka fulotin gida huɗu ko shida. Kowane yanki a cika shi da bene har bakin iyaka, a ja doguwar katanga, a shimfiɗa intalok, a haƙa rijiyar burtsatse. In a bakin babban titi ne, sai filaza ko ɗakin taron biki. Ruwan sama da dā ƙasa ke shanyewa yanzu titi yake bi.

Ba na zargin magada. Matar da aka bari da marayu tana da haƙƙin ta karɓi rabonta, kuma Kano na buƙatar gidaje, jama'a na ƙaruwa kullum. Mun ga a Landan yadda tsaron unguwa ke iya korar marasa ƙarfi, ba ma fatan haka. Amma mu fahimci cinikin da ake yi. Wanda ya fara yankawa ya sayar da tsada saboda inuwar maƙwabtansa da shirun titinsu. Ya ci kuɗin abin da ba nasa ba, ya tafi. Na biyu ma haka. Na ƙarshe zai tarar ba sauran inuwar da zai sayar, sunan unguwa kawai ya rage. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu da ke karɓar albashi da fam muna cikin masu sayen nan. Mutum ya yi yawo a Hampstead ran Lahadi yana yaba itatuwa, ran Litinin ya tura kuɗi a sare na Nasarawa.

Ga abin da nake ba da shawara.

Na farko, kafin ka biya ko sisi, lauyanka, ba na mai sayarwa ba, ya binciki fayil ɗin filin a ofishin KANGIS. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna. Satifiket ɗinka na wa'adi ne, yawanci shekara 99, kuma sayar da shi yana buƙatar amincewar gwamna. Tsohon gida, tsohon satifiket: a duba shekarun da suka rage da bashin kuɗin ƙasa.

Na biyu, yanka fuloti ko mayar da gidan zama wurin kasuwanci yana buƙatar izini, zanen gini kuma sai hukumar KNUPDA ta amince. Kada a ce maka "kowa ma haka yake yi." Mun ga rusau na watan Yunin 2023, har da shagunan da aka gina a filin sukuwa na Nasarawa. Ko mene ne ra'ayinka a siyasar abin, darasin mai saye ɗaya ne: fili mai asalin na jama'a, ko mai takarda mai rauni, wata gwamnati na iya waiwayarsa.

Na uku, idan gidan gadonku ne kuma kai ke da hali, ka sayi rabon 'yan'uwanka a farashin kasuwa, ba farashin kunya ba. A fiƙihunmu na Malikiyya, abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya fi bare cancantar karɓar rabon da aka sayar idan zai biya daidai kuɗin. A tambayi malamai sharuɗɗansa tun da wuri.

Na huɗu, in dole sai an ƙara gini, a kira mai zane ya zo ya ga itatuwa tukuna, ya zana gida ya kewaye su. Ana iya samun gida biyu ko uku a babban fuloti ba tare da an kashe shi ba. Bene ana tayar da shi a shekara ɗaya. Maɗacin da ya kai hamsin, kuɗinka ba zai dawo maka da shi ba sai jikokinka.

Na biyar, kada ka sayi gida ka kulle shi shekara goma da maigadi ɗaya. Ka sa ɗan'uwa ko ɗan haya. Layin attajirai ya ishe mu ishara.

Na ƙarshe, ranka ya daɗe shugaba, roƙo ne ga ƙungiya. Abin da ya ceci Unguwar Lambu mazaunanta ne suka yarda a ɗaure su, suka kai yarjejeniyar kotu ta sa hannu. Muna da lauyoyi da masu zanen gini da masu safiyo a zauren nan. Ina ba da shawarar a kafa ƙaramin kwamiti da zai tuntuɓi masu gidaje a titi ɗaya kawai a Nasarawa, a gwada rubuta yarjejeniya tsakaninsu a kan tsawon gini, da tazara daga iyakar maƙwabci, da sare itace, sannan a nemi hukuma ta amince da ita. Kwamitin kuma ya ɗauki hotunan tsofaffin gidajen da suka rage, da izinin masu su, kafin su tafi. In ya yi kyau a titi ɗaya, na kusa zai nema da kansa. Ina roƙon a sa wannan cikin abin da za a kaɗa wa ƙuri'a kafin mu tashi yau.

Addininmu ya riga kowace hukumar amintattu sanin haƙƙin maƙwabci, kuma iyayenmu sun ce a nemi maƙwabci kafin gida. Wanda zai saya a nan, ya san amana zai karɓa tare da makulli. Wanda zai saya a Kano, ya tuna akwai mutane a bayan katangarsa da za su rayu da abin da ya gina bayan ya hau jirgi ya dawo Landan.

Allah ya ba marasa gida gida, ya sa wa masu shi albarka, ya haɗa mu da maƙwabta nagari, ya sa mu ma mu zama nagari ga wasu. Allah ya zaunar da Kano da Najeriya lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.